A Bar Tafinta Ya Ƙarasa

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Talata wani mutum ya shigo ofishin 'yan sanda da makullin mota a hannu. Bai zauna ba. Ya ce an yi sata a ɗakin mahaifinsa, kuma ya san ɓarauniyar.

Aka kai shi wurin Sufeto.

An san Sufeto da sauri. Tambayarsa gajera ce, kuma idan amsa ta yi jinkiri shi da kansa yake ƙarasa ta. Fayil ba ya kwana uku a teburinsa. Yau kam ya gamu da wanda ya fi shi.

"Me aka ɗau..."

"Agogo. Na zinare ne, kotu ce ta ba mahaifina ranar da ya yi ritaya. Akwai rubutu a bayansa, gilashin ya ɗan tsage ta gefen ƙarfe huɗu."

"Shi kaɗai?"

"Da wata 'yar rikoda. Ba wani abu ba ce. Agogon dai, Yallaɓai."

"Yaushe ka..."

"Jiya da yamma na lura. Ina ofis tun safe har ƙarfe shida. Manaja ne ni a kamfanin tayoyi, kowa ya san ni. Mai jinyarsa ce kaɗai take shiga ɗakin da rana."

Sufeto ya rubuta. Ya ga agogo ya ci layi biyar a takardarsa, rikoda rabin layi. Bai tsaya a kai ba. Ya kira Saje, suka bi motar Manaja.

Ɗakin yana ƙarshen baranda. Gadon asibiti mai ƙarfe, keken marasa lafiya a ninke, kwalaben magani a jere kan durowa. A kan kantar bango akwai manyan ƙamus uku da ƙura ta fara hawa. Kusa da maganin, sabuwar waya tana caji. Babu wanda ya taɓa ta.

Tsohon yana jingine da filo biyu. Shekara talatin da biyu ya yi yana tafinta a kotu, harshe huɗu a bakinsa. Wata takwas da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi tare da shi. Har yanzu Tafinta ake ce masa.

A gefen gado 'yarsa ce, Auta, malamar makaranta. A bakin ƙofa kuma mai jinya, mace mai kamar shekara arba'in da biyar, sanye da farar riga.

"Baba, ka ga wanda ya buɗe durowar nan?" in ji Sufeto.

Tafinta ya buɗe baki. Leɓensa ya yi rawa. Ya ɗaga hannun hagu a hankali ya miƙa shi wajen ƙofa.

"Ruwa yake so," in ji Auta.

"Wane ruwa? Ita yake nunawa," in ji Manaja.

Sufeto ya duba agogonsa. "Ita ce, ko Baba?"

Tsohon ya rufe baki. Ya sunkuyar da kai.

Sufeto ya rubuta kalma biyu: ya tabbatar. Ya ce wa Saje a tafi da matar. Ta so ta yi magana, ya ce ta ajiye sai an je ofis. Ranar bai samu lokacinta ba. Ta kwana a sel.

Laraba da safe aka kawo ta ɗakin tambaya. Farar rigar ta yi datti a gwiwa.

"Litinin da rana kina ina?"

"Ina gidan."

"Ba ki fita ba?"

"Ban fita ba."

"Mai shagon da ke kallon gidan ya ce wa Saje kin fita ƙarfe biyu, kin dawo uku ta wuce."

Ta dubi tebur. "Na yi ƙarya. Ina da wata marar lafiya a layin baya, allura nake yi mata. Yarjejeniyata da Manaja ba ta yarda da haka ba, shi ya sa na ɓoye. A je a tambaya."

"Za a je. Jibi kotu. Idan aka same ki da laifi, kin san lasisinki ya tafi."

"Na sani. Da shi nake ci da yara uku." Ta ɗago. "Yallaɓai, ka tambaye shi?"

"A gabanki na tambaye shi."

"Daƙiƙa nawa ka ba shi?"

Saje ya yi tari.

"Mu masu lafiya, kafin mai tambaya ya rufe baki mun buɗe namu," ta ce. "Shiru ya kai daƙiƙa uku sai jikin kowa ya fara ƙaiƙayi, sai wani ya cike wurin. Shi kuwa talatin yake buƙata. Maganar tana nan a kansa cif, hanyar fita ce ta ƙuntata. Ni ƙirgawa nake yi a zuci. A gidan nan babu mai kaiwa biyar. Wannan ta ce ruwa yake so, wancan ya ce barci yake ji. Wata takwas suna yi masa tafinta, shi da ya yi wa alƙalai."

"Ya nuna ki da hannu."

"Kirana yake yi. Ni kaɗai ce nake jira."

"Ya sunkuyar da kai."

"Haka yake yi duk lokacin da aka ƙwace masa magana. Ba e ba ce. Kunya ce."

Sufeto ya dubi kalma biyun da ya rubuta jiya. Ya juya shafin.

"Rikodar fa?"

"Ta asibiti ce, ni na sa hannu na karɓo. Yana gwada kalmomi, ina kai wa likita ya saurara. Ba ya yarda ya gwada a gaban mutum, don haka sai in kunna in ajiye masa a tebur in fita."

"Ranar Litinin kin kunna?"

"Ƙarfe biyu saura biyar. Da na dawo babu ita. Na samu an canza masa riga da zanin gado, kuma wuyan hannunsa na hagu ya yi shaida, kamar an matse. Na tambayi Manaja da yamma, na ce zan gaya wa asibiti. Gari na wayewa ya zo nan."

A mota Saje ya ce, "Yallaɓai, talatin fa ta ce. Kai da ko shayi ba ka bari ya huce."

"Tuƙa."

"Ni uwargidata ta gwada mini wannan shirun sau ɗaya. Kafin ta kai goma na faɗi abin da na yi har da wanda ban yi ba."

Sufeto bai yi dariya ba. Ɓarawon da ya bar sabuwar waya ya ɗauki tsohuwar rikoda yake tunani. Da kuma layi biyar da rabin layi.

Suka tsaya a layin baya. Matar gidan ta ce mai jinya ta zo ƙarfe biyu da 'yan mintuna, ta tafi uku, jakarta a buɗe take a kan kujera, ba komai ciki sai sirinji da auduga.

Daga nan suka wuce makarantar Auta. Lokacin hutun tara ne, ɗakin malamai babu kowa sai ita da tarin littattafan da take maka wa jan biro.

"Malama, ƙarfe nawa kika koma gida ranar Litinin?"

"Huɗu."

Tambaya ta gaba tana bakinsa. Ya haɗiye ta. Ya ɗora hannu a gwiwa ya fara ƙirga a zuci.

Bai san shiru yana da nauyi haka ba. A biyar ya ji kamar ya manta aikinsa. A takwas ya ji ƙarar fanka da hayaniyar yara a fili.

A sha ɗaya Auta ta ce, "Kullum huɗu nake komawa. Kowa zai gaya maka."

Ya ci gaba da ƙirga.

A sha tara ta rufe biron. "Yaya yana ƙoƙari, ka sani. Shi yake ɗaga Baba safe da yamma. Shi yake yi masa wanka. Sauran 'yan uwanmu waya kawai suke bugowa, su ce a gaishe shi."

Ashirin da biyu. Ashirin da uku.

"Bai taɓa ɗaga masa hannu ba. Ko sau ɗaya."

"Ban ce an ɗaga masa hannu ba, Malama."

Ta dube shi. Ta dubi Saje. Ta kai hannu bakinta, amma maganar ta riga ta fita.

"Ƙarfe nawa kika koma?"

"Biyu da rabi," ta ce, murya ƙasa. "Kaina ke ciwo, na nemi izini."

"Motar yayanki tana ƙofa?"

"Tana ƙofa."

"Me kika ji?"

"Na kai tsakiyar baranda na juya. Na je tashar bas na zauna har huɗu." Ta goge ido da bayan hannu. "Ba zan ba da shaida a kan yayana ba, Yallaɓai. Ka kulle ni idan ka so."

"Jiya kina tsaye aka tafi da matar nan."

"Ina tsaye."

"Kika ce ruwa yake so."

Wannan karon bai ƙirga ba. Shi ma yana tsaye a ɗakin jiya, da biro a hannu.

Ya koma ofis ya sa aka fito da mai jinya. Aka ba ta jakarta da takalminta a kantar ofis. Ya tsaya a gabanta, 'yan sanda uku suna kallo.

"Game da jiya," ya ce. "Abin da ya faru... wato ni..."

Ya jira ta ce ba komai, kamar yadda mutane suke yi. Ba ta ce ba. Ta tsaya tana kallonsa, kuma ya san ƙirgawa take yi.

"Na zalunce ki," ya ce. "Ki yafe mini."

"Na ji," ta ce. "Mu je wurinsa. Yau kwana ɗaya ba wanda ya saurare shi."

Ƙarfe uku na rana suka isa. Sufeto ya bar Manaja da Auta a falo tare da Saje. Ya shiga da mai jinya, ya jawo kujera har bakin gado, ya cire agogonsa ya sa a aljihu.

"Baba, jiya na yi maka tambaya na amsa wa kaina. Yau zan jira. Matar nan ce ta ɗauki kayanka?"

Tafinta ya dube shi da ido ɗaya mai kaifi, irin na wanda ya ga sufetoci da yawa a akwatin shaida. Bakinsa ya fara aiki. Jijiyar wuyansa ta tashi.

A ashirin da bakwai ya ce, "Ba..."

Sufeto ya danne harshensa da haƙori.

"...ita... ba."

Gumi ya tsatso a goshin tsohon. Mai jinya ta goge masa. Sufeto ya buɗe littafinsa, ya nemo shafin jiya, ya ja layi a kan kalma biyun a gaban idon tsohon.

"Wane ne, Baba?"

Ya ƙirga talatin. Ya ƙirga wata talatin. Wannan shirun daban ne. Bakin bai motsa ba ko kaɗan. Tafinta yana kallon bango.

Sufeto ya dubi wuyan hannun hagu. Shaidar yatsu huɗu, ta fara komawa ruwan ɗorawa.

Sufeto ba shi da wata hujja a hannu. 'Yar'uwa ta ƙi shaida, uba ya ƙi magana, rikoda babu. Ya buɗe ƙofa ya ce kowa ya shigo.

"Mahaifinku zai yi magana," ya ce. "Doka ɗaya ce. Ba wanda zai buɗe baki sai ya gama. Har ni."

"Yallaɓai, wahalar da shi kawai za ka yi," in ji Manaja. "Ba ya iya..."

"Ka ce kana ofis har shida ranar Litinin."

"Ina ofis. Wataƙila na ɗan fita sayen..."

"Zauna."

Manaja ya zauna a bakin kujera, makullin mota yana juyawa a yatsunsa.

"Baba," in ji Sufeto, "ga 'ya'yanka. Faɗi abin da kake so a sani game da ranar Litinin."

Tafinta ya juyo daga bango. Ya dubi ɗansa.

Fanka tana juyawa. A waje wani yana gyaran babur. Auta ta ƙura wa ƙafarta ido. Makullin ya daina motsi.

"Ɗa... na," in ji tsohon.

Manaja ya kawar da kai.

Goma. Sha biyar. Leɓen tsohon ya haɗu ya rabu, ya sake haɗuwa.

"Shi... ne..."

"Ni ne," in ji Manaja.

Ya faɗa da sauri, kamar yadda ya saba cike wa uban magana a wata takwas. Sai da ya faɗa sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya saki makullin ya faɗi ƙasa.

"Ni ne na ɗauka. Ba sai ya wahala ba." Bai ɗago kai ba. "Na dawo ɗaukar takarda. Na same shi shi kaɗai, ya ɓata gado. Ina da taro ƙarfe uku. Na ɗaga shi, na canza masa, yana ta son gaya mini wani abu, ya kasa. Na ce ya faɗa. Ya kasa. Sai na..."

Babu wanda ya taimake shi.

"Na kwaikwaye shi. Yadda yake yi da baki. Na riƙe masa hannu na girgiza shi. Na ce masa mutumin da ya cika kotu da surutu yau ya kasa cewa a kawo fo. Na ce da ya tafi da kowa ya huta." Muryarsa ta dushe. "Da na juya sai na ga jar fitilar rikoda a tebur. Likita zai ji. Asibiti duka za su ji. Na sa ta a aljihu. Na ɗauki agogon don a ce ɓarawo ne."

"Ka kawo sunan matar da ba ta yi maka komai ba."

"Ta ce za ta gaya wa asibiti. Na ga idan ita ake zargi ba mai jin maganarta."

"Ina kayan?"

"Cikin mota, ƙarƙashin kujerar direba."

"Ka goge abin da ke ciki?"

"Na kasa. Sau shida na saurara."

Sufeto ya yi wa Saje alama. Saje ya ɗauki makullin daga ƙasa. Har ya kai ƙofa, mai jinya ta ɗaga yatsa.

"Bai gama ba," ta ce.

Duk suka juya. Bakin Tafinta bai daina aiki ba. Tun ɗazu yake kan jimlarsa, ba wanda ya lura.

"...yake... ɗaga ni," ya ce. Ya huta. Ya sake tattaro ƙarfi. "Kullum. Gajiya... ce."

Manaja ya zame daga kujera ya durƙusa. Ya kifa fuska a kan ƙarfen gado. Bai yi kuka da sauti ba, kafaɗunsa ne kawai suke rawa. Auta ta juya ta fuskanci kantar ƙamus.

Sufeto ya dubi littafinsa don ya samu wurin ajiye ido. Da an bar tsohon ya ƙarasa, da babu wanda ya kama kowa. Bai san ko ya rubuta wannan ba. Bai rubuta ba.

Saje ya dawo da agogo da rikoda a cikin leda. Gilashin ya tsage ta gefen ƙarfe huɗu, kamar yadda aka faɗa.

"Tashi," in ji Sufeto. "Ƙarar ƙarya, sata, da cin zarafin marar lafiya. Za ka maimaita bayaninka a ofis."

Saje ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa. Sufeto ya girgiza kai, ya nuna waje da haɓa. Ba a ɗakin nan ba.

"Wa zai ɗaga shi da yamma?" in ji Manaja, yana kallon ƙasa.

"Ni da Malama," in ji mai jinya. "Za ta koya."

Sun kai bakin ƙofa sai wani sauti ya fito daga gado. Tafinta ya ɗaga hannun hagu, mai shaidar.

Manaja ya tsaya. Ya juyo. Bakinsa ya buɗe, ya rufe shi da kansa. Ya tsaya tsakanin 'yan sanda biyu, hannu a gefe, yana jira. Talatin ta wuce. Arba'in ta wuce. Babu wanda ya motsa.

"A... kotu," in ji Tafinta. "Ka bar... alƙali... ya gama."

Manaja ya ɗan ƙara jira, ko da saura. Babu saura.

"To, Baba," ya ce.

Saje ya kama shi a gwiwar hannu, suka bi baranda. Sai da suka wuce tagar ɗakin sannan aka ji ƙarar ankwa.